Yadda za ki sa yaro a rabin aji na makarantar gwamnati

Iyaye mata sun ta turo min tambaya a inbos, kuɗin naziri mai zaman kanta ya fi ƙarfinsu, yaro kuma ya kai shekara 4 ko 5 yana ta gararamba a layi. To ga yadda ake sa shi a rabin aji, wato ajin share fage da yaro ke yi kafin ya shiga aji 1 na firamare:

1. Ki nemi firamaren gwamnati mafi kusa da gida, wadda yaro zai iya takawa da ƙafa.
2. Ki je da safe ki ga hedimasta ki tambaya ko suna da rabin aji, don ba kowacce ke da shi ba.
3. In babu, ki wuce ofishin ilimi na ƙaramar hukuma su nuna miki inda yake.
4. Ki tanadi takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa.
5. Ki haɗa da katin rigakafi.
6. Ki kai yaron a rubuta sunansa farkon zango, wajen Satumba. Nan ake yin kuskure, don Allah kar a ƙara masa shekaru wai ya yi saurin shiga aji 1, wallahi yaron ne zai wahala ba ke ba.
7. In an ce kuɗin makaranta, ki tambayi na mene ne ki karɓi rasit, dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin bai ɗaya ta Najeriya, ta ce karatun matakin farko kyauta ne.
8. Ki ba shi koko ko ɗumame kafin ya fita, da yunwa ba ya ɗaukar komai.
9. Satin farko ki raka shi da kanki, zai yi kuka, kar ki dawo da shi gida.