Yadda ake zagayen Kwarin Horcum a ƙafa

Kwarin nan yana arewacin Ingila, a gefen titin A169 tsakanin Pickering da Whitby. Zurfinsa ya kai mita 120. Zagayen kusan kilomita 8 ne, ka ware masa awa uku.

1. Ka ajiye mota a Saltergate, ka tsallaka titi a hankali.

2. Ka bi bakin kwarin har ka hau tudun Levisham, fili fetal ba inuwa, sai gajerun tsirrai masu fure ruwan hoda a watan Agusta. Dakata nan ka leƙa ƙasa. Tatsuniyar mutanen wurin ta ce wani ƙato mai suna Wade ne ya kamfaci ƙasa zai jefi matarsa, ramin da ya bari shi ne kwarin. A gaskiya idanun ruwa ne suka yi ta zaizaye gangaren shekaru dubbai.

3. In ka iso tafkin Dundale, ka karya hagu, ka gangara cikin itatuwa.

4. Daga nan ka bi gefen rafi, ka wuce tsohon gidan gona na Low Horcum. Akwai taɓo, don haka kada ka zo da silifa. Mai kare ya riƙe igiyarsa, tumaki na kiwo.

5. Hawan ƙarshe yana da tsauri. Ka bar sauran ruwan sha dominsa.