Yadda Ake Shirya Zama a Jirgin Ruwa Mai Filafilai a Gaɓar Tekun Meksiko

Tun da na dawo Abuja bayan watannin da na yi a cikin jirgin ruwa mai filafilai a gaɓar yammacin Meksiko, tambayar da aka fi yi mini a majalisarmu ta bayan Magariba ita ce yadda mutumin da ruwan da ya sani bai wuce tafkin Jabi ba zai mai da jirgi gidansa. Wani dattijo da nake girmamawa ya ce mini: "Ɗana, ka rubuta abin nan daki-daki, domin yaranmu da ke karatu da aiki a Amurka da Kanada suna jin labarinsa, kuma gara su ji daga bakin nasu." Wannan rubutu amsar umarninsa ne.

Abu na farko shi ne kada mutum ya fara da sayen jirgi. Hanyar da ta fi hankali ita ce ya shiga jirgin wani a matsayin ɗan taimako, ya yi gadi da dare, ya ja igiya, ya wanke kwano, har ya gane ko jikinsa da halinsa za su ɗauki zama a ɗaki mai motsi wanda tsawonsa bai wuce mita 12 ba. Kowace shekara, wajen ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba, ayarin jirage da ake kira Baja Ha-Ha yakan tashi daga San Diego a Amurka ya gangara zuwa Cabo San Lucas, tafiyar kimanin mil 750 na teku, yana yada zango a Bahía Tortugas da Bahía Santa María, kuma masu jirage da yawa sukan nemi 'yan taimako a wannan lokaci. Kafin nan wajibi ne mutum ya iya iyo sosai, ya kuma koyi Sifaniyanci gwargwadon gaisuwa, ciniki da neman taimako.

Daga nan sai takardu. Mai fasfon Najeriya yana bukatar biza, kuma ofishin jakadancin Meksiko yana nan Abuja, sai dai ƙa'idar ƙasar ta ɗauke wa wanda ke riƙe da biza mai aiki ta Amurka, Kanada, Birtaniya, Japan ko ƙasashen Turai na yankin Shengen neman wata bizar daban. Tun da dokoki suna canjawa, a tabbatar daga ofishin kafin a sayi tikiti. A wurin shiga, hukumar shige da fice tana ba baƙo izinin zama wanda bai wuce kwana 180 ba, kuma jami'in ne ke rubuta adadin kwanakin, saboda haka a duba abin da ya rubuta tun kafin a bar gabansa. Jirgin kansa yana da tasa takardar, wato izinin shigo da shi na wucin gadi wanda bankin Banjercito ke bayarwa, mai aiki shekara 10. Ana kuma bukatar inshorar da kamfanin Meksiko ya bayar domin biyan ɓarnar da jirgi zai iya yi wa wani, kuma idan akwai kayan kamun kifi a ciki, kowa da ke jirgin sai ya mallaki lasisi. Masu gangarowa daga arewa sun fi kammala duk wannan a Ensenada, tashar jiragen ruwa ta Meksiko da ke kudu da San Diego, inda ofisoshin suke wuri ɗaya. Duk wanda zai sayi tsohon jirgi ya bincika ko akwai tsohon izini da mai shi na farko bai soke ba, domin hakan na iya hana a ba da sabo.

Bayan takardu, lokacin shekara ne ke mulkin komai, kamar yadda damina ke mulkin manomi. Lokacin manyan guguwa a gabashin tekun Fasifik yana farawa ranar 15 ga Mayu ya ƙare ranar 30 ga Nuwamba, kuma ba abin wasa ba ne: guguwar Odile ta Satumban 2014 ta nutsar da jirage a La Paz, birnin da ke kudancin zirin Baja California, ta Otis kuma ta ragargaza Acapulco a Oktoban 2023. Don haka mafi yawan mazauna jirage sukan yi hunturu a kudu, a wurare irin su Mazatlán, La Cruz de Huanacaxtle da ke kusa da Puerto Vallarta, Barra de Navidad da Zihuatanejo, sa'an nan da bazara su haura cikin Tekun Cortez, wato ruwan da ke tsakanin zirin Baja California da sauran ƙasar. Idan zafi ya tsananta, wasu sukan fitar da jirginsu tudu a Guaymas, San Carlos ko Puerto Peñasco su tafi gida, wasu kuma su matsa can arewa wajen Bahía de los Ángeles, inda guguwar ba ta cika kaiwa ba. Kowane yanayi da iskarsa: da hunturu iskar arewa kan kaɗa kwana biyu ko uku ba tsayawa ta ta da gajerun igiyoyin ruwa masu wahalar da jirgi, da damina akwai hadarin dare mai zuwa ba sallama da suke kira chubasco, a yankin La Paz kuma akwai iskar coromuel da kan taso daga kudu maso yamma bayan faɗuwar rana.

Wannan iska ta ƙarshe ita ta koya mini jefa anka, wato ƙarfe mai nauyi da ake saki da sarƙa zuwa ƙasan ruwa domin ya riƙe jirgi wuri ɗaya. Mun isa wani lungu a tsibirin Espíritu Santo da la'asar, ruwa kwance kamar madubi, ana hango yashi a ƙasa, sai na saki sarƙa kaɗan na ɗauka ta isa. Wajen ƙarfe ɗaya na dare na farka da ƙarar sarƙa tana gurzar ƙasa, na leƙa na ga duwatsun da ke nesa da mu da yamma sun matso kusa, iska ta juya jirgin tana tura shi gaɓa. Mai jirgin ya tayar da inji, ni kuma na durƙusa a goshin jirgi da tocila a baki ina jan sarƙa, ruwan gishiri yana dukan fuskata, har muka sake jefawa a wuri mai zurfi. Laifin nawa ne. Ƙa'idar ita ce a auna zurfin ruwa, a haɗa da tsayin goshin jirgi daga ruwa da kuma ƙarin da ruwa zai yi idan ya cika, sa'an nan a saki sarƙa ninki biyar na wannan jimla, ninki bakwai idan ana tsammanin iska. Bayan an saki, a sa inji baya a hankali har sarƙar ta miƙe, a dafa ta da hannu: idan tana karkarwa, ankar ba ta kama ba, a ɗaga a sake. A kuma zaɓi alamu biyu a tudu, kamar dutse da bishiya, a riƙa duba ko sun goce, a tambayi kai inda jirgin zai kwanta idan iska ta juya gaba ɗaya. A mashigin La Paz ruwa mai shiga da fita yana juya jirage kowanne ta fuskarsa, saboda haka a bar wa maƙwabci fili mai yawa.

Ruwan sha shi ne dukiyar jirgi, kuma a nan mutumin da ya taɓa zama a unguwar da ake jiran mai garuwa yana da rabin ilimin. Baja hamada ce, ƙauyukanta ba su da ruwan da za su raba wa baƙi. Tankinmu na lita 400 yakan kai mu mu uku mako biyu, domin da ruwan teku muke wanke kwanoni, mu ɗauraye da ɗan ruwan daɗi. A garuruwa akwai shagunan tace ruwa inda ake cika babbar gora mai lita 20, a ɗauko ta a ƙaramin kwalekwale, wasu jiragen kuma suna da na'urar da ke cire gishiri daga ruwan teku, amma tana cin wuta kuma tana son kulawa. A tsibirai kada a bar ko ɗigon ruwan daɗi a fili, domin ƙudan zuma masu ƙishirwa za su cika jirgin. Batun wuta kuwa bai bambanta da gidan da ke kan sola a Kubwa ko Lugbe ba: faranti, batir da lissafi, firji ne ya fi cin wuta, kuma a duba batir kowace safiya.

Ga Musulmi akwai sauƙi babba, domin hadisin Abu Huraira da Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa ya tabbatar cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne kuma mushensa halal ne, don haka alwala da wanka ba za su ci ruwan tanki ba. Alƙibla daga yankin La Paz tana arewa maso gabas, wajen digiri 35, kuma da yake jirgi yana juyawa a kan ankarsa, a duba kamfas kafin kowace salla, kada a dogara da inda aka fuskanta da Asuba. Abinci ne ke bukatar lura. Ana yawan sa kitsen alade, wanda suke kira manteca, a cikin dafaffen wake da aka soya, da tamales, wato ƙullin masara da ake turarawa a cikin ganye, da waina ta fulawa, saboda haka a koyi tambaya a fili ko akwai manteca de cerdo a ciki. Wainar masara da suke kira tortilla, wadda ake saya da zafinta a kan kilo, da kifi, ƙwai, shinkafa, tumatir, albasa da barkono sun ishi mutum, kuma bakin da ya saba da tuwon masara ba zai yi baƙunta ba. Agogon La Paz yana bayan na Najeriya da awa 8, don haka kiran gida ya fi dacewa da safiyar can.

Mazauna jirage suna da tasu al'ummar. A La Paz, da ƙarfe 8 na safe ake buɗe rediyon oba-oba a tasha ta 22, a ji hasashen yanayi, a san wanda ya iso da wanda zai tashi, da mai neman makaniki ko wani ƙarfe, tasha ta 16 kuwa ta kiran gaggawa ce. Wannan zumunci yana da amfani, amma na ga yadda yake rufe wa wasu ido, su shekara a ƙasar mutane ba su san sunan ko mutum ɗaya daga cikin masu ƙasar ba. A ganina wannan asara ce, kuma rashin ladabi ne.

Masu gaɓar su ne masunta da ke fita da asuba cikin dogayen kwalekwalensu masu inji da ake kira panga. Ƙauyuka irin su San Evaristo da Agua Verde gidaje ne kaɗan, da ɗan shago, da makaranta, da hanyar ƙasa mai nisa zuwa kwalta, kuma bakin ruwan da baƙo yake ganin wurin shaƙatawa, wurin neman abincinsu ne. Kada a jefa anka a kan hanyar da suke bi su sauke kifi, kada a ɗaure kwalekwale a igiyarsu ba izini, kada a ɗauki hoton kowa sai an tambaya. A fara da gaisuwa kafin bukata, kamar yadda aka koya mana a gida: buenos días da safe, buenas tardes da rana, con permiso idan za a ratsa gaban mutane, a kuma kira dattijo Don, dattijuwa Doña, kafin sunansu. A Agua Verde ana kiwon awaki ana yin cuku, kuma sayen wannan cuku da kuɗin peso ƙanana ya fi wa gidan amfani fiye da kyautar tsofaffin kaya. A shagon ƙauye kada a kwashe duk ƙwai ko duk tumatir, domin motar kaya ba kullum take zuwa ba, kuma mutanen gari ma za su saya. Shara kuwa a wanke ta, a matse, a riƙe har a kai babban gari kamar Loreto ko La Paz.

Wata safiya wani masunci mai furfura ya matso da pangarsa, ya kashe inji, ya dafa gefen jirginmu da hannu mai kaushi kamar ɓawon itace, ya ɗaga kifi biyu yana murmushi. Na miƙa masa kuɗi ya girgiza kai, ya nuna tocilar da ke ɗaure a goshinsa, ashe batir yake so da ruwan sanyi. Na ba shi, muka zauna yana nuna mini da hannu inda duwatsu suke ɓoye a bakin lungun, abin da taswirarmu ba ta nuna daidai ba. Tun daga ranar nake ajiye batura, ƙugiyoyi da man inji domin irin wannan musaya. Sai dai a kula da abin da ake karɓa, domin lasisin baƙo na kifi ne kawai, bai ba shi damar kamo jatan lande, ƙaguwa ko dodon koɗi ba, wasu halittun kuma suna da lokacin da aka hana kowa taɓa su. Tsibiran Tekun Cortez suna cikin wuraren da UNESCO ta sa a jerin kayan gadon duniya a 2005, kuma shiga keɓaɓɓen gandun gwamnati na Espíritu Santo ko na Loreto yana bukatar biyan kuɗin izini ga CONANP, hukumar da ke kula da irin waɗannan wurare, wanda ake iya saye na kwana ɗaya ko na shekara. Idan za a sauka tudu a ruwa marar zurfi, a riƙa jan ƙafa a cikin yashi maimakon ɗaga ta, domin akwai wani faffaɗan kifi mai ƙaya a wutsiya da ke kwanciya a binne, idan kuma ya soki mutum, a tsoma ƙafar a ruwan zafi gwargwadon abin da fata za ta jure, sa'an nan a nemi asibiti mafi kusa.