Yadda ake hasashen raguwar ƙarfin huhu ga masu cutar sistik faiburosis

Sistik faiburosis cuta ce ta gado wadda ke faruwa idan yaro ya gaji gurɓatacciyar ƙwayar halitta ta CFTR daga uwa da uba, kuma an gano wannan ƙwaya a shekarar 1989. Majinar mai cutar tana yin kauri, ta toshe ƙananan hanyoyin iska, ƙwayoyin cuta su sami mafaka, huhu ya riƙa lalacewa sannu a hankali. Aikin likita shi ne ya hango lokacin da lalacewar za ta yi sauri tun kafin mara lafiya ya fara jin haki.

Ana farawa da ma'aunin FEV1, wato yawan iskar da mutum zai iya hurawa da dukkan ƙarfinsa a daƙiƙa ɗaya ta farko. Mara lafiya zai zauna, a matse masa hanci da ɗan maƙali, ya cika ƙirjinsa da iska, sannan ya hura cikin bututun na'ura ba tare da jinkiri ba. Ana so a sami hurawa uku masu kyau, kuma biyun da suka fi yawa kada bambancinsu ya wuce mililita 150. Daga nan sai a mayar da sakamakon kashi cikin ɗari na abin da ake tsammani ga mai shekarunsa da tsawonsa da jinsinsa, yawanci da jadawalin GLI, wato jadawalin ƙasa da ƙasa na awon huhun masu lafiya. Idan aka manta ba a sake auna tsawon yaro mai girma ba, lissafin duka ya karkace.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne dogaro da awo guda. Mura ko gajiya na iya sauke adadin yau, ya dawo bayan mako biyu. Saboda haka ne Gidauniyar Sistik Faiburosis ta Amurka ta shafe shekaru da yawa a baya tana ba da shawarar a ga mara lafiya duk bayan wata uku, domin a jera sakamakon shekara biyu ko uku a kan takarda a ga inda layin ya dosa. A ɗauki mafi kyawun awon watanni goma sha biyun da suka wuce a matsayin mizanin mutumin. Idan sabon awo ya faɗi da kashi 10 cikin ɗari na wannan mizani, a ɗauke shi alamar tashin ciwo ko da mara lafiya ya ce lafiyarsa ƙalau, kuma a sake aunawa bayan magani, domin kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka ba maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiyar jini ba sa komawa inda suke a da. Irin wannan gangarowa mataki-mataki ce ke cinye huhu.

Bayan layin, sai a duba abubuwan da ke ja shi ƙasa. Gwajin kaki yana nuna ko ƙwayar Pseudomonas aeruginosa ta zauna daram, ko kuma an kamu da dangin Burkholderia cepacia, waɗanda suka fi muni. Ciwon sukari mai alaƙa da wannan cuta yakan fara taɓa huhu da nauyin jiki kafin a gano shi, shi ya sa ake gwajin shan ruwan sukari kowace shekara daga shekara 10. Rama ma alama ce: ana so ma'aunin BMI, wato nauyin jiki gwargwadon tsawo, ya kai 22 ga mata manya, 23 ga maza. Shekarun balaga su ne lokacin da raguwar ta fi sauri, kuma abin mamaki, waɗanda adadin FEV1 ɗinsu ke sama sosai sun fi saurin asarar maki, don haka kashi 100 ba dalilin sakin jiki ba ne. Ga yara ƙanana waɗanda ba su iya hurawa yadda ya kamata ba, gwajin LCI, wanda ke auna yadda iska ke sauyawa a cikin huhu yayin numfashi na yau da kullum, yana kama toshewar ƙananan hanyoyin iska tun FEV1 bai motsa ba.

Akwai manhajojin kwamfuta da aka gina da bayanan dubban marasa lafiya daga rajistar Amurka da ta Birtaniya, waɗanda ke ba da yiwuwar faɗuwar FEV1 cikin watanni masu zuwa. Suna da amfani, amma a ra'ayina dole a tambayi shekarun bayanan da aka horar da su a kai. An amince da maganin Kalydeco a Amurka a 2012, sannan Trikafta a 2019, magungunan da ke gyara aikin furotin na CFTR, kuma sun sauya tafiyar cutar ƙwarai, ta yadda tsohon lissafi zai tsoratar da mai shan su fiye da kima. Sai dai ba kowa ke cin moriyarsu ba, domin Trikafta ya fi aiki ga masu nau'in gurɓacewar CFTR da ake kira F508del, wadda ta yawaita a tsakanin Turawa, yayin da 3120+1G>A, wadda ake yawan samu a jikin 'yan asalin Afirka, ba ta amsa su.

Idan FEV1 ya sauka ƙasa da kashi 30, binciken da aka wallafa a 1992 ya nuna cewa kusan rabin irin waɗannan marasa lafiya kan rasu cikin shekara biyu. Yau ana rayuwa fiye da haka, amma ƙwararru na fara maganar dashen huhu da iyali tun adadin yana tsakanin 40 da 50, musamman idan layin yana gangarowa da sauri.