Yadda ake share kango kafin a fara gyaran tsohon gida

Gidan ƙasa da ya yi damina uku ko huɗu babu kowa a ciki yakan koma daji. A ƙauyukan Kano da Jigawa za a tarar tafasa da rai-ɗore sun cika tsakar gida har sun kai ƙugu, tumfafiya ta tsaya a bakin zaure, garahuni da yaɗiya kuma sun lulluɓe katanga. Lokacin da ya fi dacewa da sharar shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Disamba, sa'ad da ciyawa ta bushe ana ganin ƙasa. Idan gidan na gado ne, a nemi yardar magada tukuna, a kuma sanar da mai unguwa kafin a taɓa bishiyar da ke kan iyaka.

Ranar farko ba ranar sara ba ce. A sa takalmin roba mai tsawo, a riƙi doguwar sanda, a zagaya gidan ana bubbuga ciyawa domin kububuwa ko gamsheƙa ta kauce. Babban abin da ake nema a wannan zagayen shi ne tsohuwar rijiya da masai, domin itacen da aka rufe bakin masai da shi gara takan cinye, sai ƙasar da ke kai ta rage tana jiran ƙafar mutum. Duk inda aka gano su a kafa alama. Idan maciji ya sari wani, a garzaya da shi asibiti, kada a tsaga wurin, kada a ɗaure.

Daga nan sai a buɗe hanya da adda tun daga zaure zuwa ƙuryar gida, a bi ciyawa da lauje, a tuge saiwarta da fartanya. Mai saran tumfafiya ya kiyaye idonsa, domin farin ruwanta yana yi wa ido illa. Zaƙami kuwa guba ne, a ware shi nesa da yara da awaki.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne tsiron da ya kama jikin gini. Tsuntsaye sukan yar da 'ya'yan cediya da durumi da darbejiya a kan soro ko a tsagin katanga, saiwar ta ratsa tsakanin tubali har ta zama kamar ita ke riƙe da ginin. Na taɓa ganin wani saurayi ya fizgi 'yar cediya da kaurinta bai wuce tsintsiyar hannu ba, ta taho da kusurwar ɗaki. Saboda haka ba a ja. A sare ta daidai da fuskar bango, a riƙa cire duk tohon da ta yi, musamman darbejiya da ba ta jin sara, har saiwar ta mutu. Idan magini ya zo, shi zai zaƙulo ta a hankali ya cike gurbin da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Masu yaɗo ma haka ne: a yanke su daga tushe, a bar su mako biyu su bushe, sannan a ɓamɓare su ba tare da sun kwashe yaɓe ba.

Babbar bishiyar tsakar gida, in dai tana nesa da bango, a ganina asara ce a kayar da ita; rassan da suka hau kan soro kawai za a rage.

Kada a cinna wuta a cikin gidan, komai yawan tarkacen, domin azara busasshiya ce, iskar hunturu kuma tana kai tartsatsi ga danga da rumbun maƙwabci. A kwashe a baro zuwa fili, itace ya tafi murhu, ganye ya shiga ramin taki. A ƙarshe a fasa toshiyar indararo da rariya, a duba gindin katanga inda ruwa ya zaizaye da wuraren da gara ta yi gini, a nuna wa magini kafin ya yanke kuɗin aiki.