Yadda na tura fax daga Birnin Kebbi ba tare da layin tangaraho ba

Kamfanin ƙasar waje da muke sayen kayan gyaran injin casar shinkafa a wurinsa ya dage sai mun turo takardar oda mai sa hannu ta fax, wato hanyar tura hoton takarda ta layin waya. Na samu tsohuwar na'ura a kasuwa, tana kamawa lafiya lau, amma ba ta aiki sai da layin tangaraho, kuma tun da NITEL, kamfanin wayar tangaraho na gwamnati, ta durƙushe irin wannan layi ya yi wuyar samu a nan. Ga takardarta mai naɗi, wadda zafi ke fito da rubutu a kanta: in ta kwana biyu a aljihun tebur cikin zafin Afrilu, rubutun sai ya dushe.

Sai na haƙura da ita, na sayi firinta mai haɗe da sikana. Ina sa hannu da baƙin biro, in ɗauki hoton takardar da sikana baƙi da fari, in mayar da ita PDF, in tura ta manhajar fax ta intanet, da lambar ƙasarsu a gaba. Jan biro da hatimi mara tawada sosai dishi-dishi suke fitowa can, a guje su. Shaidar isar saƙo tana shigowa imel ɗina, ita nake bugawa in maƙala a fayil.