Yadda ake surka asid mai ƙarfi a labo ba tare da an ƙone ba

Sabon ɗalibi ba ya jin tsoron asid sulfirik, don a ido ba shi da launi kuma ba shi da wari, sai ɗan kauri irin na mai. To a sani, ruwan batirin da ke huda wandon bakanike, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai asid. Wanda ke cikin kwalbar labo kuwa kashi 98 cikin 100 ne. Ko a lise kuke tepe, wato darasin gwaji a labo, ko a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, aikin ɗaya ne.

Kafin a taɓa kwalba a fara murɗa pampo. In babu ruwa, babu tepe ranar, sai fa in an aje bidon biyu na lita 20 cike, da buta mai tsabta a kusa. Sannan a sa tabarau masu rufe gefen ido. Gilashin magani ba ya tare abin da ya fantsamo ta gefe. Bulus ta auduga, a ɓalle maɓallanta duka. Ƴan mata su cusa bakin hijabi ko mayafi cikin bulus, don shi ke jan beshar, wato kofin gilashi na labo, ya kifar idan an sunkuya. Mai silifa ya tsaya waje. Safar hannu ta robar nitril tana kare ɗigo ne kawai, da asid ya taɓa ta a cire a sake wata.

Yanzu ga inda ake yin ɓarna. A ce kuna son lita ɗaya ta sulfirik mai mol ɗaya a lita (mol ma'aunin yawan sinadari ne). Ku karanta takardar kwalbar: in an rubuta kashi 98 da nauyi 1.84, wato giram 1.84 a kowane mililita, ƙarfinsa kusan mol 18 ne a lita, ke nan mililita 55 kuke bukata. Ku ɗauki beshar ɗin Pyrex na lita ɗaya, ku zuba ruwan distile, wato tataccen ruwan labo, kamar mililita 600, ku zaunar da shi cikin roba mai ruwan sanyi. A watan Afrilu da Mayu ruwan pampo da zafinsa yake fitowa, don haka a ɗebo na randa ko a jefa ƙanƙara cikin robar. Ƙanƙarar da ake saida wa a leda ta wadatar, ba ta da tsada.

A auna asid ɗin cikin eferbet, wato dogon gilashin awo mai layuka, busasshe ƙarau. Wanda aka ɗauraye yanzu, ɗigon ruwan da ya rage a gindinsa ya isa ya sa asid tsartuwa. A jingina sandar gilashi a bangon beshar, a tsiyaya asid ya bi jikin sandar, kamar mililita biyar, a tsaya a motsa, a taɓa bayan beshar da bayan hannu. In ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, a jira. Aikin zai ci minti goma ko fiye, kuma haka ya kamata.

Asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid. Kowa ya haddace wannan, kaɗan suka san dalili. Sulfirik ya kusan ninka ruwa nauyi. In ka zuba ruwa a kansa, ruwan ba ya nutsewa, sama yake tsayawa, duk zafin haɗuwar ya taru a ƴan ɗigon nan, su tafasa nan take su watso asid zuwa fuska, kamar ruwa ya faɗa man tuya. In kuwa asid ne ya shiga ruwa mai yawa, ruwan yana shanye zafin.

Amma akwai kuskure na biyu da masu bin wannan doka ke yi. Sai ɗalibi ya juye mililita 55 ɗin gaba ɗaya cikin ruwa bai motsa ba, ya ga shiru, ya ɗauka an gama. Asid ɗin ya nutse ne ya kwanta a ƙasa. Da ya sa sanda ya juya, zafin duka ya tashi lokaci guda. Shi ya sa motsawa take tafiya tare da zubawa tun ɗigon farko.

Kada a yi surkin kai tsaye cikin fiyol, wato kwalbar awo mai layin lita ɗaya a wuya. Wuyanta siriri ne, ba a iya motsawa da kyau, kuma layin da ke wuyanta an auna shi ne a digiri 20. Ruwa mai zafi yana kumbura, in ya huce sai ka ga ya sauka ƙasa da layi. A bari ya huce sarai, a juye cikin fiyol, a ɗauraye beshar a ƙara, sannan a cika zuwa layi. Eferbet ɗin da ya auna asid kuma a tsoma shi cikin bokiti mai ruwa da yawa. Pipet, wato siririn bututun gilashi na ɗiban ruwa, ba a zuƙarsa da baki, ko da malami ya ce shi haka ya koya. In babu robar zuƙa a yi aiki da eferbet.

Asid kloridrik na kashi 37 mililita 83 ake ɗiba don lita ɗaya mai mol ɗaya. Zafinsa bai kai na sulfirik ba, matsalarsa hayaƙi, kuma lokacin zafi ya fi tashi. A buɗe shi ƙarƙashin hot, wato akwatin da ke zuƙe hayaƙi da lantarki, a kauda fuska. In wuta ta ɗauke, hot ya zama akwati kawai, a rufe kwalbar. Kada ya haɗu da jabel ko a cikin magudana, iskar klor suke bayarwa. Asid nitrik kuma yana mayar da fata rawaya, yana cin safar nitril, kuma ba ya shiri da alkol, aseton, tsumma ko garin katako.

In asid ya taɓa fata, ruwa mai yawa mai gudu, minti 15 zuwa 20, ana cire tufafin da ya jiƙe a ƙarƙashin ruwan, ba maganar kunya. Ban da kanwa, ban da man kaɗanya, ƙwai ko man goge baki. In ido ne, wani ya buɗe fatar idon da yatsu, a zuba daga gefen hanci zuwa waje don kada ya gangara ɗaya idon, minti 20, sannan likita tare da sunan asid ɗin a rubuce. Wanda ya haɗiya kada a sa shi amai. Lambar ƴan kwana-kwana a Nijar 18 ce, a rubuta ta a bakin ƙofa.

Abin da ya zube a tebur a kewaye shi da bikarbonat daga gefe zuwa tsakiya har kumfa ta daina, a kwashe. In da yawa ne a fara tare shi da yashi. Abin da kuka surka a sa shi a kwalba mai suna, ƙarfi da kwanan wata, kada a taɓa zuba shi a gorar ruwan sha. Manyan kwalabe a kanta ta ƙasa, nesa da taga mai rana, nitrik shi kaɗai a gefe.