Yadda ake tura hoton rasit zuwa foldarsa da umarnin murya a iPhone

Duk wanda ya taɓa riƙe wa shago lissafi ya san yadda ƙarshen wata yake kasancewa. Mai shago zai rantse cewa ya ɗauki hoton rasit ɗin siminti, kuma gaskiya ne ya ɗauka, sai dai hoton yana can kwance a tsakanin hotunan suna da na ɗaurin aure da na lambobin asusun banki, ta yadda sai an share rabin awa ana murza waya kafin a gano shi, in ma an gano. Ina yi wa wani ƙaramin shagon kayan gini lissafi a Kano, kuma abin da ya raba mu da wannan wahala shi ne umarnin murya. Mutum zai kira sunan umarnin, waya ta buɗe kyamara, ya ɗauki hoton takardar, waya ta tambaye shi inda za ta kai, ya faɗi kalma ɗaya, nan take takardar ta shiga foldarta ɗauke da suna da kwanan wata. Hannun da ya yi buɗu-buɗu da ƙurar siminti ba ya buƙatar taɓa komai sai maɓallin ɗaukar hoto da na amincewa da hoton.

Manhajar da ake yin wannan aiki da ita ita ce Shortcuts. Kamfanin Apple ya sayi wata manhaja mai suna Workflow a shekarar 2017, ya sake fito da ita da wannan sabon suna tare da iOS 12, wato tsarin da ke tafiyar da iPhone, a 2018, kuma tun daga iOS 13 tana zuwa ne a cikin wayar, ba a biyan ko sisi. Sai dai ka tabbatar wayarka ta kai iOS 15 ko sama da haka, domin daga nan ne aka ba manhajar damar ajiye fayil a duk foldar da mutum ya zaɓa. Ba zan tsaya bayanin yadda ake buɗe sabon umarni ko yadda ake nemo ayyuka a akwatin bincike ba, tunda wanda ya danna alamar tarawa sau ɗaya zai gane da kansa.

Mataki na farko ba a cikin Shortcuts ake yin sa ba, a cikin manhajar Files ake yi. Ka buɗe babbar folda guda ɗaya, sannan ka yi ƙananan foldoji a cikinta, kada su wuce huɗu. Na ga masu farawa suna zama su tsara foldoji goma sha biyu, ta siminti daban, ta rodi daban, ta kwanon rufi daban, kuma kafin mako ya zagayo sun daina amfani da abin gaba ɗaya, saboda ba wanda zai tsaya a gaban direban da ya matsu a sallame shi yana tunanin ko ƙusa ta faɗa ƙarƙashin katako ne ko ƙarƙashin ƙarfe. Namu huɗu ne: Sayen Kaya, Abokan Ciniki, Hidimar Shago, da Albashi. Ka sa su a iCloud Drive, wato ma'ajiyar Apple ta intanet, ba a ma'ajiyar cikin wayar ba, domin ranar da waya ta ɓata ko ta faɗa ruwa takardun su tsira. Wurin da Apple yake bayarwa kyauta gigabait 5 ne kacal, kuma yawanci hotuna da ajiyar bayanan waya sun riga sun cinye shi, don haka ka duba abin da ya rage maka kafin ka fara. Idan aka rage girman hotunan kamar yadda zan nuna, rasitai na shekara guda ba za su sa ka sayi ƙarin wuri ba.

Mataki na biyu shi ne jera ayyukan. Na farko a jerin shi ne Take Photo. Akwai wani aikin mai suna Get Latest Photos wanda yake ɗauko hoton ƙarshe da ya shiga waya, kuma mutane da yawa sun fi son sa saboda yana ba su damar ɗaukar hoto tukuna su ba da umarni daga baya, amma ni na hana amfani da shi a shago. Dalili kuwa, manhajojin hira suna zuba hotunan da aka turo maka kai tsaye cikin kundin hotuna idan ba ka kashe wannan saiti ba, saboda haka tsakanin ɗaukar rasit da ba da umarni wani hoto daga zauren 'yan uwa yana iya shigowa ya zama shi ne na ƙarshe. Bayan Take Photo ka sa Resize Image, ka rubuta 1600 a gurbin faɗi, ka bar tsawo ya daidaita kansa. Wannan girman ya isa a karanta rubutun biro a kan takardar kabon. Sai ka bi shi da Make PDF, domin iPhone tana ajiye hotunanta ne da tsarin HEIC, wanda wasu tsofaffin kwamfutoci ba sa buɗewa, alhali PDF ba inda ba ya buɗuwa.

Daga nan sai kwanan wata. Ka sa aikin Date, ka bi shi da Format Date, ka zaɓi tsarin da kake rubutawa da kanka, ka rubuta yyyy-MM-dd HHmm daidai yadda yake a nan. Manyan haruffan MM wata suke nufi, ƙananan mm kuwa minti, kuma wanda ya musanya su zai ga takardunsa ɗauke da wata na 47. Shekara ake farawa da ita, sannan wata, sannan rana, domin fayiloli su jeru da kansu bisa tsarin lokaci. Kada ka sa karkataccen layi tsakanin lambobin kamar yadda muka saba a takarda, saboda waya tana iya ɗaukar sa a matsayin umarnin buɗe folda cikin folda.

Yanzu mun zo inda na fi son a nutsu, wato zaɓen kalmomin da za a furta, domin a nan ne nawa tsarin ya rushe da farko. Aikin da ake sawa shi ne Choose from Menu. Idan Siri, mataimakiyar iPhone da ake ba umarni da murya, ce ta tayar da umarnin, za ta karanto tambayar da ka rubuta, ta jira ka faɗi ɗaya daga cikin zaɓuɓɓukan. Siri ba ta jin Hausa. Tana jin Turanci da Faransanci da Larabci da wasu harsuna, saboda haka 'yan uwanmu na Nijar da Chadi da Sudan suna iya zaɓar wanda bakinsu ya fi sabawa da shi, amma mu da muke amfani da Turanci dole ne mu zaɓi kalmomin Turanci. Abin da ban gane da wuri ba shi ne, kalmar da ake furtawa ba dole ba ne ta zama fassarar sunan foldar. Folda tana iya zama da sunanta na Hausa, kalmar kuwa mabuɗi ce kawai, kuma abin da ake nema ga mabuɗi shi ne ya buɗe ƙofa kowane lokaci.

Da farko kalmomin akanta na zaɓa, wato "Purchase" da "Payment" da "Sales" da "Salary", saboda su na saba gani a littafin lissafi. Kwana biyu da farawa mai shagon ya kira ni ya ce, "Malam, wannan abin naka ba ya jin maganata, sai na maimaita sau uku." Na ce, "Alhaji, bari in zo in ji yadda kake faɗa." Da na je na tsaya kusa da shi, janareta yana ruri a bayan shago, ana sauke rodi daga mota, sai na ji inda matsalar take, kuma ba daga bakinsa take ba, daga zaɓina take. Harshen Hausa bai raba sautin p da na f ba, ba shi da v, ba shi da th irin na Turanci, kuma Bahaushe yakan sa wasali tsakanin baƙaƙen da suka haɗu, shi ya sa muke cewa burodi da siminti da fensir. Na ɗauko kalmomi biyu masu farawa da p na ɗora wa mutumin da ya shekara arba'in yana kasuwanci da Hausa. Abin da ya fi wannan muni shi ne sauran biyun, domin farkonsu ya yi kama, kuma a cikin hayaniya wayar ba ta tambaya sau biyu, sai ta zaɓi ɗaya ta wuce. Sai da aka yi kusan mako biyu kafin na tarar da rasitan ciniki a cikin foldar albashi, na zauna na buɗe su ɗaya bayan ɗaya ina mayar da kowanne wurinsa.

Ƙa'idar da nake bi tun daga lokacin ita ce, kowace kalma ta zama wadda Hausawa suka riga suka saba furtawa a kasuwa, ba p ba f ba v a cikinta, kuma kada biyu su fara da sauti iri ɗaya. Yanzu "Market" ke kai takarda Sayen Kaya, "Customer" ke kai ta Abokan Ciniki, "Diesel" ke kai ta Hidimar Shago tunda man janareta ne ya fi yawa a wannan foldar, "Salary" kuma ta tsaya a wurinta bayan na cire kishiyarta. Kada ka yi amfani da lambobi a madadin kalmomi. Suna da sauƙin faɗa, amma bayan wata guda ba mai tuna ko uku albashi ne ko hidima.

Sunan umarnin kansa ma haka yake. Tun daga iOS 13 sunan da ka sa wa umarni shi ne abin da za ka faɗa wa Siri, to idan ka sa masa suna mai kama da aikin da ta riga ta sani, irin su buɗe kyamara ko aika saƙo, tana iya yin nata aikin ta bar naka. Ka zaɓi kalmomi biyu da ba su da alaƙa da komai a waya. Namu "Yellow lorry" ne, saboda launin motar da take kawo mana kaya, kuma ba a taɓa samun ruɗani a kansa ba. A saitin harshen Siri akwai Turancin Ingila da na Afirka ta Kudu da na Indiya, ka gwada su da bakin wanda zai yi amfani da wayar, ba da naka bakin ba, kuma a cikin shagon, ba a ɗaki mai shiru ba.

A ƙarƙashin kowane zaɓi na Choose from Menu ka sa ayyuka uku. Set Name zai haɗa kwanan watan da sunan foldar, ka ƙara .pdf a ƙarshe. Save File zai ajiye, ka kashe maɓallin da ke sa ya tambayi wurin ajiya, ka nuna masa foldar da hannunka, ka kuma bar maɓallin maye gurbin fayil a kashe. Na ƙarshe shi ne Speak Text, ka rubuta masa kalmar da aka zaɓa domin wayar ta maimaita ta da ƙarfi. Da na sa wannan tun farko, da Alhaji ya ji kuskuren a ranar da ya faru. Karon farko da ka gwada, waya za ta nemi izinin amfani da kyamara da foldojin, ka zaɓi izinin dindindin.

Wanda wayarsa ta kai iOS 18, wadda ta fito a 2024, zai sami Vocal Shortcuts a sashen Accessibility, inda ake rubuta kalma a maimaita ta sau uku waya ta koyi sautinta, sannan a ɗaura ta a kan umarnin. An yi shi ne domin masu lalurar furuci, kuma tunda sautin muryarka yake koya, ya cancanci a gwada shi da kalmar Hausa, sai dai makirufo yana zama a kunne yana saurare, don haka kada a zaɓi kalmar da ake yawan faɗa a hira. A ranar da hayaniya ta yi yawa, Back Tap, wanda ya zo da iOS 14, yana tayar da umarnin idan aka ƙwanƙwasa bayan wayar sau biyu, sai a zaɓi folda da yatsa.

Don ajiye sautin murya, ka kwafi umarnin, ka maye gurbin Take Photo da Record Audio, ka cire ayyukan rage girma da na PDF, ka mayar da ƙarshen sunan .m4a. Masu Android za su nemi Tasker, wadda ake saye, ko MacroDroid, su jera ayyukan a kan wannan tsari, su kuma zaɓi kalmominsu a bakin shago janareta yana kunne.